Tsuntsu Na Allah Ne, Amma Gona Da Mai Ita

Yau ina roƙon arziki a ɗan jingine labaran soyayya da na kishi a gefe, a ba ni aron kunne a kan wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san da yawanmu in an ce kurciya, abin da ke fara faɗo mana a rai shi ne asirin nan da muke karantawa a littattafai, wanda kishiya ko ɗan uba kan yi wa mutum ya shiga duniya ba waiwaye. To ba ita nake nufi ba. Kurciya ta gaske nake nufi, mai fukafukai, ita da hasbiya, da kuma samarin da ke saɓa bindiga ko su rataya danƙo a wuya suna bin su cikin gonakin mutane a bayan garin Kakuri, ba sallama balle neman izini.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, harbin tsuntsu ba laifi ba ne, amma duk wanda zai yi shi a gonar wani, to ya fara da mai gonar. Sallamar nan da neman izinin nan su ne rabin sana'ar, kuma a halin da Kaduna take ciki sun fi ƙarfin a kira su ladabi kawai, sun zama maganar tsira da rai.

Wanda bai san Kakuri ba zai yi mamaki, me ya haɗa unguwar masana'antu da noma? Ai kuwa sun haɗu. A nan kudu da kogin Kaduna aka kafa masaƙar KTL wadda ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, daga baya UNTL da Arewa da sauransu suka biyo. A nan aka kafa kamfanin ƙera makamai na DICON a 1964, a nan kuma Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975. Dubban mutane daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suka tare a Kakuri da Makera da Nasarawa saboda aiki. Da masaƙun suka durƙushe, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, magidanta da yawa suka wayi gari ba albashi, wasu ma ba kuɗin sallama. Daga cikinsu akwai waɗanda suka koma ga fartanya, suka nemi aro ko hayar ɗan fili a bakin kogi, ko wajen Kudenda, ko can gefen Gonin Gora, kusa da gonakin Gbagyi waɗanda tun kafin a kafa birnin suke noma ƙasar. Saboda haka ɗan fegin masarar da saurayi ke ratsawa yana raha da abokansa, wataƙila shi ne fanshon wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban injin saƙa.

Hujjar farko da maharban kan kawo ita ce, tsuntsu na Allah ne, ba wanda ya kiwata shi. Gaskiya ne. Hasbiya ba ta da ubangida, tana sheƙa a kan giginya ko a rufin dogayen gine-gine, ta sauka inda ta ga dama. Amma ƙasar da ta sauka a kai fa? Wani ya yi sharar ta, ya yi huɗa, ya sayi iri da taki da tsada, ya yi noman fari da maimai. Tsuntsun da aka harba kuma ba a hannu yake faɗowa ba. Yakan faɗa tsakiyar shuka, sai mutum uku ko huɗu su kwasa da gudu suna nema, a tattake wake, a karya masara mai goyo, a tumurmushe yaɗon gyaɗa. Kurciya ɗaya loma nawa ce? Amma a wajen neman ta sai a yi ɓarnar abin da zai ciyar da gida kwana biyu. Ban da wannan, ba duk abin da ke tashi sama ne marar mai shi ba. Mutanen unguwannin nan da yawa suna kiwon tantabara, kuma tantabarar gida tana fita kiwo gona tare da 'yan uwanta na daji. Wanda ya harbe ta ya ci dukiyar wani, ko da a kan reshen bishiya ya same ta.

Hujja ta biyu ita ce, ai taimakon manomi muke yi, muna rage masa maɓarnata. Wannan ma da ƙamshin gaskiya, amma sai an tace. Kurciya da hasbiya a ƙasa suka fi cin abinci. Ɓarnarsu ta fi yawa lokacin shuka, in suna tsince irin da bai rufu da kyau ba, da lokacin kaka in an girbe an tara dami ko an shanya hatsi. A tsakanin waɗannan lokuta biyu, mafi yawan abin da suke tsinta 'ya'yan ciyawa ne da abin da ya zube. Masu yi wa zangarniya da shinkafa wa-ka-ci-wa-ka-tashi tun suna tsaye, irin su jan-baki ne masu zuwa garke-garke, su kuwa bindigar mutum ɗaya ba abin da za ta rage musu. Ke nan taimakon yana da lokacinsa, yana da wurinsa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In da gaske taimako ne, me zai hana a tambayi wanda ake taimaka wa?

Tambayar ma ta fi amfanar maharbin. Manoma da yawa suna cuɗa iri da magani kafin shuka, don ƙwari da ɓera da tsuntsu, suna kuma yin feshi kala-kala. Kurciyar da ta cika maƙoshi da irin da aka cuɗa da guba da safe, ita ce za a gasa wa yara da yamma. Wa ya san wace gona aka shuka jiya, da wane magani? Mai gona. Wa ya san akwai mata a bayan duhuwar can suna roron wake ko yara suna kala? Mai gona. Ƙwayoyin dalmar da ke cikin harsashin harbin tsuntsu suna bazuwa ne, kuma suna iya tafiya kusan mita 200 kafin su sauka. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma in dawa ta yi tsawo, mutum ba ya ganin abin da ke taku goma a gabansa.

Sai babbar maganar, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Jama'a, ƙarar bindiga a bayan garin Kaduna ba ta da ma'anar da take da ita zamanin kakanninmu. Garin nan ya ga rikicin 2000, ya ga na 2002, har mutane suka rarraba zama, kogi ya zama kamar iyaka a zukatan wasu. Bayan nan ga masu garkuwa da mutane. A ƙaramar hukumar Chikun da ke maƙwabtaka da mu aka sace ɗaliban jami'ar Greenfield a watan Afrilun 2021, aka kwashi na makarantar Bethel Baptist a watan Yulin shekarar, sannan ga harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022. Manomin da ya rayu cikin waɗannan abubuwa, yana duƙe a kunya ya ji harbi a bayansa, ya ɗago ya ga baƙin fuska uku da bindiga, ba kurciya ce za ta fara zo masa a rai ba. Zai yi ihu, 'yan sintiri su fito, kuma kafin saurayi ya gama bayani wataƙila mai afkuwa ta afku. In aka yi rashin sa'a maharbin da manomin ba ƙabila ɗaya ko addini ɗaya ba, to kafin la'asar labarin ya canja kama a bakin mutane da cikin wayoyi, a wayi gari ana rufe shaguna a kan abin da asalinsa naman da bai kai tafin hannu ba. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Ko ta fuskar hukuma ma maganar ba a sake take ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar farauta, har da 'yar ƙaramar nan mai harbi da iska, cikin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ake riƙewa, bindigar toka kuwa an bar wa kwamishinan 'yan sandan jiha ikon tsara yadda za a mallake ta. A watan Agustan 2023 ma Sufeto Janar ya ba da sanarwar dakatar da bayar da sababbin lasisin ƙananan makamai. Kuma ko mutum yana da takarda a aljihu, takardar izinin riƙe bindiga ce, ba ta ba shi gonar kowa ba. Ta fuskar addini kuwa, duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya karanta Risala ya san malaman Malikiyya sun halatta farautar neman abinci, amma sun karhanta wadda ake yi don wasa kawai. Balle a haɗa da cutar da maƙwabci.

Wani zai ce ai wannan ƙauyanci ne, a ƙasashen da suka ci gaba ba a wannan dogon turanci. To a Ingila, inda harbin kurciyar daji a gonaki tsohuwar al'ada ce, ba mai harbi sai mai ƙasar ko wanda ya ba izini, kuma shiga gonar wani da bindiga ba izini laifi ne mai zaman kansa. A watan Afrilun 2019 da hukumar kula da muhalli ta can ta janye izinin bai-ɗaya na harbin irin waɗannan tsuntsaye bayan wata ƙungiya ta kai ƙara, manoma na cikin waɗanda suka fi ɗaga murya har aka fito da sabon tsari. Abin lura a nan shi ne, manomi ne ya tsaya wa maharbi, saboda maharbin ya saba ƙwanƙwasa ƙofa kafin ya shiga. Mu kuwa da muke da Sarkin Noma da Sarkin Baka tun kafin zuwan Bature, muke da mai unguwa a kowane lungu, ai mun fi su hanyar yin wannan cikin sauƙi.

Me zai ci wa saurayi in ya tsaya a bakin gona, ya sauke bindigarsa ƙasa, ya ce, "Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba. Allah ya ba da amfani mai albarka. Ni ɗan gidan wane ne a Makera, ina roƙon a ba ni dama in ɗan taɓa hasbiya a gefen can in ba damuwa." In dattijon ya ce, "A'a yaro, bari sai mun kwashe wake," sai ya ce, "To Baba, Allah ya kai mu," ya juya. Ranar da ya dawo ba baƙo ba ne. In an ba shi dama kuwa, ya bi ta kan iyaka, ya tambayi inda mutane suke, ya juya bakin bindiga daga wajen gidaje da hanya, ya tsince kwanson harsashinsa, kada ya yi harbi da duku-duku ko bayan magariba. In Allah ya ba shi biyar, ya ajiye wa mai gona biyu. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu, da ma maharbi ba ya wuce mai wuri hannu rabbana. Su kuma masu yawan fita, su je da kansu su gabatar da kansu ga mai unguwar yankin da shugabannin 'yan sintiri, a san fuskokinsu da ranakun fitarsu, domin zuwa da kai ya fi saƙo.

Manoma ma ina da ɗan roƙo gare su. Yaron da ya zo ya yi sallama ya nemi izini, kada a kore shi da zagi kamar ɓarawo, domin in mai ladabi da marar ladabi suka sami amsa iri ɗaya, gobe ba wanda zai sake tambaya. A faɗa masa lokacin da ya dace, a nuna masa wurin. Yaron da ya saba da gonarka ido ne gare ka, in ya ga dabbobi sun shiga ko ya ga baƙon motsi, kai zai fara gaya wa. Kuma don Allah a bar zuba hatsi mai guba don kashe tsuntsu, domin ba ya zaɓe, yana kashe kajin maƙwabta da zabi da tantabarun mutane, wani ma ya tsinci mushen ya kai gida.

Akwai kuma haƙƙin tsuntsun kansa. Dangin kurciya yawanci ƙwai biyu suke yi, uwa da uba ke karɓa-karɓa wajen kwanci da ciyar da 'ya'ya, saboda haka wanda ya harbe ɗaya a lokacin sheƙa wataƙila uku ya kashe. Kada yawansu ya ruɗe mu. A Amurka an yi wata irin kurciyar daji da yawanta ya kai biliyoyi, in garkenta ya taso har rana yake rufewa, amma harbi ba ƙaƙƙautawa da saran daji suka ƙarar da ita, ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na birnin Sinsinati a 1914. A ɗauki abin miya, a bar na iri.

Ina kira ga iyaye musamman, duk wanda ya ga ɗansa ya fita da bindiga ko danƙo, ya tambaye shi gonar wa za shi, kuma ko mai gonar ya sani. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma mu mutanen kudancin kogin nan mun san kuɗin da aka biya kafin a same shi. Mai ganin akwai gyara a maganata, ƙofa a buɗe take. Allah ya ba manomanmu damina mai albarka, ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.