Harshen da Inji Ke Ji

'Yan'uwana ɗalibai, kullum malamanmu suna gaya mana mu yi wa yaro magana da harshen da zai gane. Ashe haka abin yake har a cikin masana'anta.

A ma'aikatar siminti ko ta tace ruwan sha, akwai ƙananan kwamfutoci a warwatse. Wannan tana lura da zafi, waccan tana buɗe famfo, suna aika wa juna labari ta waya. Kowace sai an rubuta mata umurni da wani harshe na musamman. Tilas kuwa amsarta ta zo a kan kari, gama in tukunya ta yi zafi ainun, amsar da ta makara banza ce, ko da daidai take.

A 1968 kamfanin General Motors na Amurka ya nemi na'urar da za ta maye gurbin tarin makunnan lantarki da ke sarrafa injunansa. Dick Morley da abokan aikinsa suka ƙera Modicon 084. Harshen da irin waɗannan na'urori suka shahara da shi zane ne mai kama da tsani, watau irin zanen da masu aikin lantarki suka riga suka saba karantawa. A 1993 aka fito da ƙa'idar IEC 61131-3 mai harsuna 5, tsanin nan yana ciki. A 2005 aka ƙara IEC 61499 domin na'urori masu aiki tare daga wurare dabam dabam.

Waɗansu suna cewa tsani tsohon yayi ne, a bar shi. Na yarda lissafi mai nauyi ya fi sauƙi a rubutaccen harshe. Amma ku tuna, inji yakan tsaya da tsakar dare, sa'ad da wanda ya rubuta umurnin yana barci, ko ma yana wata ƙasa. Makanikin da ke bakin aiki shi zai nemi inda cutar take, ga mutane tsaye kusa da tukunya. In bai iya karanta umurnin ba, ina amfanin gwanintar? Da tsohuwar zuma ake magani.

Domin haka ni a ganina, harshen da ya fi shi ne wanda mai gyara zai karanta cikin sauri. Mu kuwa da za mu riƙe aji, mu koya wa yara ba da umurni dalla dalla, gama daga cikinsu makanikan nan za su fito. Allah ya taimake mu.