Wa Ya Raɗa wa Garuruwanmu Suna a Taswirar Salula?

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. A da, wanda ya tashi daga Madawa zai je Urno, in hanya ta rikice masa sai ya tsaya gun manomi ko makiyayi, a ce masa ya bi ta gindin kukar can, ya bar rijiya a hannun hagu. Yau kuwa saurayi wayar salula yake tambaya. Ba ni da ja da wannan ci gaba. Jayayyata tana kan amsar da wayar ke ba shi, da kuma shirun da mu malamai da ƙungiyoyin raya al'adu muka yi a kanta.

Ya kai mai karatu, buɗe taswirar da ke cikin wayarka ka duba jihar Tawa. Za ka ga Tahoua, Madaoua, Bouza, Ourno. Sabon Gida ya zama Sabon Guida. Bangi kuwa an rubuta shi Bangui, daidai da babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ta yadda mai neman garin kakanninsa zai iya tsintar kansa a bakin kogin Ubangi. Ɗalibin da muka koya wa cewa kowane baƙi da wasali yana da sautinsa guda, yaya zai karanta Madaoua? Ko dai ya yi tuntuɓe, ko ya ɗauka cewa rubutun da muka koya masa na aji ne kawai, rubutun duniya kuwa na wasu ne.

Wannan rubutu ba daga sama ya faɗo ba. A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa suka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, suka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne, har da Birnin Ƙwanni da Madawa. Faransawa suka ga an bar su da hanya mara ruwa zuwa Damagaram, sai aka sake zane a 1904 da 1906. Daga nan ne ayarin Kyaftin Tilho da takwarorinsa na Ingila suka bi iyakar suna kafa turaku daga kogin Kwara har tabkin Cadi, suna rubuta sunayen garuruwa yadda kunnensu ya ji, da ƙa'idar harshensu. Da an bar zanen farko, da yau sunan Madawa da wata ƙa'ida daban ake rubuta shi. Ashe ke nan abin da wasu ke ɗauka sunan gari na asali, sakamakon ciniki ne tsakanin baƙi biyu. Taswirorin salula kuma suka kwafe shi daga tsofaffin kundaye ba tare da sun tambayi mai gari ba.

Na san abin da wasu ƴan boko za su ce, wai ai rubutu ne kawai, muddin mota ta kai inda za ta. Ina tuna musu cewa suna linzami ne. Sunan wuri a ƙasar Hausa yakan faɗi wanda ya sare dajin, ko wanda ya gina rijiyar, ko itacen da aka fara sauka a gindinsa. In aka shafe ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ, aka haɗe kalmomi biyu wuri guda, Dogon Dutsi ya koma Dogondoutchi, Maraɗi ta koma Maradi, to an rufe wa jikoki ƙofar gane ma'anar. Abin da ya fi wannan muni shi ne wuraren da taswira ta bari fari fat: tunga, rugga, fadama, ƙorama, burtali, mashaya. Tun dokar tsarin karkara ta 1993 aka tanadi kwamitocin filaye, waɗanda ke shata burtali da makiyaya, su rubuta haƙƙin gona. Ranar da rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi, wurin da ke da suna a takarda ya fi wanda ba shi da shi ƙarfin hujja. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba kuma rashin awo ne ya jawo wannan giɓi ba. Ƙasar Adar da kwarin Majiya suna cikin yankunan da aka fi aunawa a Nijar. Tun 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska a kwarin Majiya, wajen Buza. A 1984 aka soma babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya da jagorancin hukumar FAO, inda jama'a, galibinsu mata, suka ɗauki duwatsu a ka, suka gina madatsun ruwa, suka dasa miliyoyin itatuwa. Masana sun bi sawun wannan aiki da hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan Adam, sun rubuta rahotanni a harsunan Turai. Tauraron ya ga itacen, amma ba ya jin sunan da matan da suka dasa shi ke kiran tudun da shi. Wannan sani yana bakin tsofaffi, kuma kowace shekara muna kai wani sashe nasa kushewa.

A da muna da uzuri, domin taswira aikin gwamnati ne da sojoji. Yanzu uzurin ya ƙare. Tun shekarar 2000 Amurka ta daina dusashe alamar GPS ga farar hula, har ƙaramar waya ta iya nuna bigire da kuskuren ƴan mitoci kaɗan. A 2004 aka kafa OpenStreetMap, taswirar da kowa ke da izinin gyarawa, shekara guda kafin fitowar Google Maps. A cikinta kowane wuri yana iya ɗaukar suna fiye da ɗaya, kuma akwai gurbi na musamman ga sunan Hausa. Baƙaƙenmu masu ƙugiya duk suna cikin tsarin Unicode, wayoyin Android suna da allon buga su. Ƙungiyar da ke da shafin intanet tana iya ɗora taswirar yankinta a kai da manhajar kyauta irin su Leaflet. Ƙa'idar rubutun Hausa kuwa ma'aikatar ilimi ta tsayar da ita tun 1999, sannan kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. A 2024 an sauya sunan titin Charles de Gaulle a Yamai ya koma na Djibo Bakary, muka yi tafi. To, titi ɗaya ke nan a babban birni. Ƙauyukan gundumomin Madawa da Buza da Keita fa, wa muke jira ya gyara musu?

Masu cewa sauya rubutu zai rikita takardun haihuwa da na mulki, fargabarsu tana da tushe, amma ba a ce a goge komai ba. A bar rubutun hukuma inda yake, a ajiye na Hausa kusa da shi. Inda kuma wuri ke da sunan Tamajak ko na Fulatanci, kamar yadda yake a wurare da dama a ƙasar Keita, a rubuta shi shi ma, don kada mu yi wa maƙwabtanmu abin da muke kukan an yi mana. Haka nan kada yaro ya shata iyakar gona ko ta sarauta da ra'ayin kansa. Wannan hurumin kwamitin filaye ne da hakimai. Namu shi ne suna, da lafazinsa, da labarinsa.

Saboda haka ina kira ga kowane malamin tarihi da labarin ƙasa da ya ware mako guda a shekara, ya fita da ɗalibansa su zauna gaban dattawan gari da littafi da waya ɗaya, su rubuta sunan kowace rijiya da fadama da burtali, su naɗi muryar mai faɗa. Ƙungiyoyin al'adu su tattara, malaman Hausa su tace rubutun, matasa masu ilimin kwamfuta su shigar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Injiniyan da ke zaune a Kalifoniya bai ƙi Urno ba, bai dai san da ita ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In muka bari jikokinmu suka koyi sunan garinsu daga bakin na'urar da ba ta iya furta shi, ba Tilho za su zarga ba. Allah Ya sa mu farga tun dattawan suna raye.