Ruwan Ya Yi, Masu Ruwan Ne Ba Su Yi Ba?

Akwai wani salon rubutu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato labarin tafiya na baƙon da zai yabi wuri ya kushe masu wurin. Ku dubi abin da wasu maziyarta kan rubuta a kan magangarar ruwan Havasu, a ƙasar ƙabilar Havasupai da ke cikin kwazazzabon Grand Canyon na jihar Arizona a Amurka.

Mota ba ta zuwa can. Sai mutum ya taka mil 8 zuwa ƙauyen Supai, inda alfadarai ke kai wasiƙu, ya ƙara wajen mil 2 kafin ya ga ruwan nan shuɗi mai ratsin kore yana zubowa. To, a nan alƙalamin baƙo yake zuba. Da ya waiwayo ƙauye kuwa sai ƙorafi: ga shara, ga karnuka, ga tsadar takardar izini, mutane kuma ba su da fara'a.

Haba jama'a! Wai shin marubucin nan ya tambayi tarihi kafin ya ɗaure takalminsa? A 1882 gwamnatin Amurka ta matse mutanen nan cikin eka 518 kacal a ƙasan kwari, ta raba su da tudun da suke farauta a lokacin sanyi. Sai a 1975, bayan shekara 93 ana kai gwauro ana kai mari, aka mayar musu da eka 185,000. Wanda aka yi wa haka ne za a ce dole ya washe baki don an zo ɗaukar hoto a bayan gidansa?

Ban ce duk ƙorafin ƙarya ne ba. Maganar wahalar da dawaki da alfadarai ke sha gaskiya ce, ba na kuma goyon bayan mai azabtar da dabba ko ɗan wace ƙabila ne. Amma kayan wa suke ɗauka? Sau da yawa jakunkunan baƙin ne. Sharar ma, ba ƴan ƙauye kaɗai ke zubar da ita ba, sai dai da wuya ka ga baƙo ya sa kansa cikin lissafi.

Ko ɗalibina ne ya kawo mini insha'in da ya siffanta ruwa a shafi uku, ya sallami mutane da layi biyu na tsaki, zan mayar masa ya sake. Da annobar korona ta zo a 2020, ƙabilar ta rufe ƙofarta, ba ta buɗe wa baƙi ba sai a 2023, ba kuma wanda ya isa ya ce mata don me.