Filin Uwargida: Waya Matsakaiciya, A Saya Ko A Haƙura?

 

A makon nan na jingine maganar girki da reno, domin wasiƙu uku sun iso mini a kan abu guda. Wata uwargida daga Funtuwa ta ce kwasar adashinta ta zo, tana so ta canja waya, amma ta rasa wadda za ta ɗauka. Wata ɗaliba daga Zariya ta ce ƙawayenta suna yi mata dariya saboda wayarta ƙarama ce. Ta uku daga Gusau, ita kuwa maigida ne ya ba ta zaɓi, ko waya ko keken ɗinki. To, ku matso kusa, amsar ta shafe mu duka.

In kin shiga kasuwar waya, ko Farm Centre ce a Kano ko wata, za ki tarar wayoyin shafa hawa uku ne. Akwai na ƙasa masu araha, irin su itel da Tecno Pop. Akwai na can sama, irin su iPhone da Samsung masu harafin S, waɗanda sabuwarsu ta haye Naira miliyan guda. Sa'an nan ga na tsakiya, watau irin su Tecno Camon, da Infinix Note, da Redmi Note, da manyan Samsung masu harafin A. Waɗannan na tsakiya su ne abin zancenmu. Abin da da yawa ba su sani ba kuwa, Tecno da Infinix da itel duk 'yan ɗaki ɗaya ne. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin shi ke yin su, kuma wajen rabin wayoyin shafa da a ke sayarwa a Afirka nasa ne. Saboda haka in mai shago ya kushe miki wannan ya yabi waccan, sau da yawa kuɗinki aljihu ɗaya za su.

Me ya sa ta yi tsada haka? Waya kayan waje ce, da dala a ke sayo ta. Farkon 2023 dala ɗaya wajen Naira 460 ce a farashin gwamnati, a kasuwar bayan fage kuwa, inda 'yan kasuwa da yawa su ke samun tasu, wajen Naira 750. A watan Yuni na wannan shekara Babban Banki ya bar Naira ta bi kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haye Naira 1,500. Ta ɗan sauko daga baya, amma ba ta koma kusa da inda ta taso ba. 'Yan makaranta, ku ɗauko takarda da fensir. Wayar da a ke sayowa dala 200, in dala tana 750, ta kama Naira 150,000. In dala tana 1,500, ta kama 300,000. Waya ita ce dai, ba a ƙara mata kome ba, kuɗi ne su ka ninka. Mafi ƙarancin albashi kuwa, da aka ɗaga shi a watan Yulin 2024, Naira 70,000 aka mai da shi. Watau mai wannan albashi sai ya tara na wata huɗu cur bai ci bai sha ba, kuma duk da haka bai cika kuɗin wayar nan ba.

Ba nan kaɗai abin ya tsaya ba. An janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ta san yadda cefane ya koma. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari, ga shi kuwa babbar waya ba ta zama da yunwa. Daga ƙarshen 2025 kuma sai ga wata sabuwa. Ɗan ƙanƙanen abin nan da ke cikin waya mai riƙe mata tunani, wanda a ke ce wa mimori, ya yi tsada a duniya duka, domin manyan kamfanonin da ke gina rumbunan kwamfuta na ƙirƙirarriyar basira sun yi masa wawa. Kamfanoni uku ke yin mafi yawansa, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Mai yin wayar miliyan guda yana da ribar da zai shanye wannan ƙari. Mai yin ƙarama da matsakaiciya ribarsa siririya ce, sai ko dai ya ƙara kuɗi, ko ya rage kayan ciki ya bar sunan yadda ya ke.

To, a nan ne matsakaiciya ta shiga tsaka mai wuya, ana matsa ta daga ƙasa, ana danna ta daga sama. Ƙananan wayoyin yanzu ba irin na shekarun baya ba ne. Mafi yawansu suna da batir mai lamba 5,000, daidai da na yayyensu, gilashinsu da faɗi, suna yin WhatsApp, suna tura kuɗi ta banki. Uwargidan da bukatarta ita ce ta gai da dangi, ta ji karatu, ta ga hoton jikoki, sai ta ce don me za ta biya ninki biyu da rabi? Gaskiyarta kuwa. Daga sama kuma ga manyan wayoyi na hannu, waɗanda 'yan kasuwa ke ce wa Landan yus. Da kuɗin sabuwar matsakaiciya sai a ba ki iPhone wadda ta yi shekara huɗu ko biyar a hannun wani, a gidan biki kuwa ba a tambayar shekarun waya, tambarin bayanta a ke kallo. Ga kuma mata da yawa da su ka ce ba wannan ba waccan, su ka kai tsohuwarsu wurin mai gyara ya canja batir, su ka ci gaba da abinsu. Waɗannan ban ga laifinsu ba ko kaɗan.

Amma fa Landan yus ina jan kunnenku a kanta. Batirin waya ya kan fara gajiya bayan an cika shi sau ɗaruruwa, ba ki kuwa san sau nawa mai ita na farko ya cika ba. Ba ki san ko an taɓa buɗe ta an canja gilashi da na jabu ba. Garantin mai shago na 'yan kwanaki ne, kuma ranar da gilashinta ya fashe, kuɗin gyaran sai ya isa sayen wata ƙaramar waya sabuwa. Tambari ya yi kyau, amma ba shi ke riƙe caji ba ranar da aka kwana biyu ba wuta.

Su wa ke sayen matsakaiciya, kuma me su ka gani? Na farko dai masu sana'a a cikin gida. Yau mata nawa ne ke sayar da atamfa, da turaren wuta, da kayan kicin, da cincin da dublan, ba su taka ko zaure ba, wayar ce shagonsu? Irin wannan mace, hoto shi ne bakinta. In kyamara ta nuna zane shuɗi alhali kuwa kore ne, ranar da kaya su ka isa hannun mai saye sai rigima. Ƙaramar waya ta kan yi hoto mai kyau da rana a tsakar gida, amma a ɗaka ko da dare sai ya fito dishi-dishi. Ga kuma ma'aji. Mai gig 64, kafin a jima hotunan kaya da saƙonnin murya sun cika ta, kullum sai ki goge wannan ki sa wancan, mai 128 ko 256 kuwa tana da sarari. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ciniki da yawa ya koma ta waya, kuma ba abin da ya kai ɓacin rai kamar waya ta sanƙare ana cikin tura kuɗi.

Abu na biyu shi ne wanda mai shago ba ya faɗa sai an tambaye shi. Kowace waya tana bukatar kamfanin da ya yi ta ya riƙa aiko mata da gyare-gyare ta intanet, masu toshe ƙofofin da ɓarayin asusun banki ke bi. Kowane kamfani yana da iyakar shekarun da zai yi haka, daga nan sai ya saki wayar. Tun daga 2024 Samsung ya fara yi wa waɗansu masu harafin A alkawarin shekara shida, har da A36 da A56 da ya fitar a 2025. Ƙananan wayoyi da yawa ba sa samun ko rabin wannan. Kada ku ɗauka wasa ne. A watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba, wayoyi lafiyayyu su ka zama sai kira kawai. Saboda haka ki tambaya, shekara nawa aka yi wa wannan alkawari, kuma yaushe ta fito, domin daga ranar fitowarta a ke ƙirgawa, ba daga ranar da kika saya ba.

Yanzu ga lissafi na biyu, kuɗin kuwa misali ne kawai na kafa. A ce ƙarama Naira 120,000 ce, ta yi miki shekara biyu. Ki raba da wata 24, kowane wata ya ci 5,000. A ce matsakaiciya 300,000 ce. In ta yi shekara huɗu, kowane wata ya ci 6,250. Sai ta cika shekara biyar a hannunki kafin ta sauko 5,000, ta yi kunnen doki da ƙaramar. Kun ga ashe zancen nan da a ke yi, wai mai tsada ita ce mai araha, ba kullum ya ke gaskiya ba. Yana zama gaskiya ne ga macen da ta iya riƙon kaya. Ki tambayi kanki tsakani da Allah, wayarki ta baya shekara nawa ta yi, kuma me ya kashe ta? In cikin bokitin wanki ta faɗa, ko yaye ya buga ta da ƙasa, to mai 300,000 ma haka za ta faɗa. Ga kuma ƙwacen waya da ya addabi garuruwanmu, mai shiga adaidaita sahu kullum ta san abin da na ke nufi. Asarar 120,000 da ta 300,000 ba zafinsu ɗaya ba.

Saboda haka ke 'yar'uwa ta Funtuwa, in da wayar ki ke neman abinci, ɗauki matsakaiciya, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. In ta zumunci ce kawai, ɗauki ƙarama mai ma'aji 128, sauran adashin ki ja jari. Ke kuma ta Gusau, in kin iya ɗinki, ko kina da mai koya miki, ɗauki keke. Ɗinkin salla biyu ya isa ya fara tara miki kuɗin waya.

Akwai kuma masu ba da waya bashi, ki ba da kafin alƙalami, sauran ki riƙa biya mako-mako ko wata-wata. In kika yi jinkiri sai su kulle wayar daga can inda su ke. Ban ce haramun ne a gare ki ba, wannan na malamai ne, amma kafin ki sa hannu ki ce a gaya miki jimlar abin da za ki biya daga farko har ƙarshe, ki gwada da kuɗin hannu. Kada kuma ki yi haka a ɓoye wa maigida, domin bashin da aka ci a asirce daga kuɗin cefane ya ke fita.

Ku kuwa ƙannena 'yan makaranta, mu da mu ka fito makarantar horon malamai mun ga abin da waya ke yi wa aji. Abin da ɗaliba ke bukata shi ne ta karanta littafi, ta nemi ma'anar kalma, ta duba sakamakon jarrabawa, ƙarama kuwa duk tana yin waɗannan. Dariyar ƙawaye ba ta wuce zango guda. Abin da na fi tsoro shi ne yarinya ta karɓi wayar dubu ɗari uku daga hannun wanda iyayenta ba su san da zamansa ba. Duk wanda ya kashe wannan kuɗi a wannan zamani yana jiran wani abu, ke ma kin sani.

In kin yanke shawarar saye, kada lambobin jikin kwali su ruɗe ki. In kin ga an rubuta 8+8 a wurin mimori, takwas na farko ne na gaske, na biyun aro ne daga ma'aji, kuma ba shi da saurin na farko. Kyamara mai lamba 108 ba lalle ta fi mai 50 ba, ki ɗauki hoton zanen jikinki a cikin shagon ki gani da idonki. 5G kuwa, MTN ya fara shi a ƙasar nan tun 2022, amma in bai iso unguwarku ba kada ki biya kuɗinsa. Wadda ta fito bara sau da yawa ta fi ta bana sauƙi, bambancinsu kuwa kaɗan ne.

Kada ki tafi ke kaɗai, ki ɗauki wanda ya san waya. A buɗe kwali a gabanki, ki duba ko da caja a ciki, domin waɗansu kamfanoni sun daina sakawa. Ki danna *#06#, wata lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ki tabbata ita ce a jikin kwali, ki kuma sa a rubuta ta a rasit. Ki sa layinki ki kira gida, ki ji ko ana jin ki. Ki ware ɗan abin sayen rigar roba da gilashin kariya tun ranar, kafin waya ta isa hannun yara. Rasit da kwali kuwa ki adana su a ƙasan akwati tare da takardun haihuwa, domin ranar garanti, ko ranar da 'yan sanda su ka tambaya, su za a nema.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan yadda a ke shanya tumatir da tattasai tun suna araha. A ci gaba da aiko da wasiƙu.