Kotso Ba Maɓalli Ɗaya Ba Ne

Ƙasar Zamfara ta ba Hausa manyan makaɗan kotso biyu: Musa Ɗanƙwairo na Bakura da Maradun, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Maccido a Talata Mafara. Amma buɗe kwamfutar mai haɗa kiɗa a Kano, ka leƙa rumbun sautukan da ya loda a Kontakt ko FL Studio: tabla ta Indiya da fiyano sun cika shi, kotso kuwa sai bugu ɗaya tak da aka yanko daga tsohon kaset.

Wannan ganganci ne. Kotso magana yake yi. Makaɗi na matsa tsarkiya ya saki, murya ta hau ta sauka bisa karin harshen Hausa. Bugu ɗaya da aka shimfiɗa kan dukan maɓallai gawar kotso ce.

Aikin ba gagara ba ne. A zauna da makaɗi, a naɗi kowane bugu da taushi, da matsakaici, da ƙarfi, kowanne sau da yawa, domin manhaja ta riƙa sauya su kada kunne ya ji maimaici. A naɗi matsin tsarkiya daban, a jera a maɓallai, a rubuta sunan makaɗi, a biya shi haƙƙinsa.

In muka yi sanyin jiki, wani kamfanin Turai zai zo ya naɗa, mu koma sayen kiɗan kakanninmu da dala.