Tattali Ba Rowa Ba Ne

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata magana da ta cika gari, wadda muke so mu ja da ita a gabanku. Ko'ina mutum ya zauna sai ya ji ana cewa, "Ina amfanin lissafi ga wanda abin hannunsa bai kai ba? A ƙara mana albashi kawai." Wanda kuwa ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da ya kashe a cefane, sai a yi masa dariya, a ce marowaci ne, yana ƙirga wa matarsa ƙwayar gishiri. Mu dai mun ce wannan magana ɓata ce, ta kuwa rushe gidaje da yawa.

Ba mu musun tsada. Ran 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, kuɗin mota ya tashi, ya ja na hatsi. A Disamba, 2024, abin da aka saya naira 100 shekara guda kafin nan ya haura naira 134. Ba talaka ya jawo wannan ba, hakkin gyaransa yana wuyan mahukunta. Amma kafin su gyara, gida zai kwana da yunwa yana jira?

Masu cewa ƙarin albashi shi kaɗai ne magani, su tambayi dattawa labarin Udoji. A 1974, zamanin Janar Gowon, aka ƙara wa ma'aikata albashi, aka kuma biya su na watannin baya a dunƙule. Gari ya ruɗe, wannan ya sayi babur, wancan rediyo, wani ya ƙara aure. 'Yan kasuwa kuwa ba barci suke yi ba. A 1975 kuɗin kaya ya hau da fiye da kashi 30 cikin 100. Wanda ya sayi fili ko ya sa ɗansa makaranta, har yau zuriyarsa na cin moriya. Babur kuwa, ina yake? Ashe tulun da ya huje, ko a bakin kogi yake ba ya cika.

Ku dubi ƙauyukanku. Da kaka hatsi na araha, sai magidanci ya buɗe rumbu ya sayar don bikin kece raini: maroƙa, anko, akwatunan lefe. Ruwa na sauka, wajen Yuli da Agusta, sai ga shi a kasuwa yana sayen geron nan nasa da tsada, tiya tiya, galibi ma da bashi. In ka yi magana ya ce, "Bashi hanji ne, yana cikin kowa." To, hanji ma in ya murɗe kisa yake yi. Farkon abin da a kan yanke kuwa shi ne kuɗin makarantarku, musamman na 'yan'uwanku mata. Biki na kwana uku, jahilci na har abada!

Dukanku kun san labarin Annabi Yusufu a Masar, yadda aka tara hatsin shekara bakwai na ƙoshi don shekara bakwai na fari. Wa ya taɓa kiransa marowaci? Marowaci shi ne mai hana iyalinsa abin da yake wajibi. Mai tattali kuwa son ransa yake hanawa, don wajibin ya samu.

Ga aikinku. Muna koya muku tarawa da ɗebewa, ba don ku ci jarrabawa kaɗai ba. In kun koma gida hutu, ku nemi iznin iyayenku da ladabi, ku keɓe littafi guda: hagu abin da ya shigo, dama abin da ya fita, ko na goro ne. Wata na ƙarewa ku karanta musu. A fara fid da na abinci, da na haya, da na makaranta, da ɗan abin ajiya don ciwo. Mai albashi ya sayi hatsi da kaka, manomi ya auna na shekara kafin ya sayar da ragowa, uwargida ta riƙe adashinta don sana'a. Abin da ya saura, shi ne na biki.

Za a yi muku ba'a, mun sani. Ku yi haƙuri, damina na zuwa, ita za ta raba gardama. Allah Ya sa albarka cikin kaɗan ɗinmu, amin.