Saniya Ta Haihu, Aiki Bai Ƙare Ba

Jama'a, kwanan baya na je gai da wani abokina a Nassarawa, cikin birnin Kano, inda manyan ma'aikata da attajirai suke da gidaje masu faɗin fili. Ya ɗaure shanun madara biyu a bayan gida, irin ruwa-biyun nan na Bunaji da Firisiyan, waɗanda aka daɗe ana renonsu a Shika kusa da Zariya. Na tarar da shi ransa a ɓace. Wai ɗayar ta haihu wata biyar ke nan, an kai ta wurin bijimi har sau uku, ba ta ɗauka ba. Na ce masa, "Alhaji, ran da ta haihu, wa ya duba ta?" Ya ce, "Ai maraƙin lafiya lau ya zo." To, ga inda gizo ke saƙa. Kowa idonsa na kan maraƙi da ƙwaryar tatsa, an manta da uwar.

Ciwon nan shi ne kumburin mahaifa. Bayan haihuwa bakin mahaifa a buɗe yake, ƙwayoyin cuta suna samun hanya, balle in haihuwar ta zo da wuya, ko an sa hannu mai dauɗa an jawo maraƙi, ko mabiyiya ta wuce sa'a 24 ba ta faɗo ba.

Yaya za a gane shi? Iri biyu ne. Na farko yakan zo da zafi, galibi cikin kwana 10 na fari. Saniya ta ƙi ci, ta rage tuƙa, nono ya ja baya, wani ruwa ja-ja mai ɗoyi yana zuba daga gabanta. Jinin haihuwa na al'ada ba ya ɗoyi, hancinka ma ya isa shaida. Sa'an nan a sa ma'aunin zafi a duburarta. Zafin lafiyayyar saniya digiri 38 zuwa 39 ne. In ya haura 39 da rabi, zazzaɓi ne, a nemi likitan dabbobi ran nan, kada a ce sai gobe, don yana kisa.

Na biyun shi ne mugu, don ba ya kwantar da ita. Tana ci, tana ba da nono, amma bayan kwana 21 sai a ga farar mugunya a jikin wutsiyarta, ko a inda ta kwana. Wani lokaci ma ba a ganin kome sai likita ya sa safar hannu ya duba ciki. Irin wannan shi ya tsai da saniyar abokina.

Wani zai ce, kiran likita kuɗi ne, kuma makiyaya sun san shanu tun kaka da kakanni. Gaskiya ne, sun sani. Amma saniya wata tara take ɗaukar ciki. Duk watan da ta yi ba ciki, kana sayen dusa da harawa, nono yana raguwa, maraƙin baɗi yana nisa. Lissafa ka gani, wanne ya fi tsada? Rigakafi dai ya fi magani.

Saboda haka ra'ayina shi ne, kowane mai saniyar madara ya ajiye ma'aunin zafi da ɗan littafi. Ya rubuta ranar haihuwa, ya auna ta kowace safiya har kwana 10, in ta cika mako uku ko huɗu likita ya duba ta. Kada a ja mabiyiya da ƙarfi, kada a ɗaura mata dutse. Kada a sayo allura a kasuwa a yi ta soka mata da ka. In kuwa likita ya yi mata, a tambaye shi kwana nawa za a zubar da nonon. In ɓari ta yi, a yi zaton bakkale: kada a taɓa mabiyiya da hannu tsirara, kada a sha nonon sai an tafasa, don cutar tana kama mutum.

Ku kuma fatake masu zuwa karar Wudil ran Juma'a, kafin ku ce "sallama", ku tambayi yaushe ta haihu, ku ɗaga wutsiya ku duba.

Allah ya albarkaci garkenmu, amin.